Yadda ake bambance sil da zakin teku

Duk wanda yake yawan kallon hotuna da bidiyon dabbobin ruwa zai lura cewa akwai dabbobi biyu da ake yawan haɗa su a suna ɗaya, wato sil da zakin teku. Dabbar nan mai sheƙi da ake nunawa a gidajen adana namun daji tana ɗaga ƙwallo a kan hancinta, tana tafa hannuwa, tana hawa kan akwati idan mai kula da ita ya yi mata alama, mafi yawan mutane sil suke ce mata, alhali kuwa kusan a kullum zakin tekun Kalifoniya ce. Sil na ainihi ba zai iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yadda ake gani ba, domin ƙirar jikinsa ba ta ba shi damar miƙewa a kan hannuwansa ya ɗaga ƙirji sama. Ina ganin wannan ruɗani ya cancanci a warware shi, saboda bambancin da ke tsakaninsu ya ratsa dukkan rayuwarsu, tun daga yadda suke tafiya har zuwa yadda uwa take shayar da ɗanta.

Masana halittu sun kasa dabbobin teku masu ƙafafu irin na filafili gida uku. Gida na farko shi ne Phocidae, inda sil na ainihi suke, kuma nau'o'insu da ke raye sun kai 18 ko 19, gwargwadon yadda aka ƙirga. Gida na biyu shi ne Otariidae, wanda ya ƙunshi zakunan teku da 'yan'uwansu masu gashi mai kauri. Gida na uku nau'i ɗaya ne kawai ya rage a cikinsa, wato walros mai dogayen haure da ke zaune a yankin Arewa mai ƙanƙara. Dukkansu dabbobi ne masu shayarwa, suna shaƙar iska da huhu, suna neman abinci a ruwa, suna haihuwa a tudu ko a kan ƙanƙara, kuma danginsu na kusa a cikin dabbobin tudu sun haɗa da beyar. Zakunan teku da ke raye a yau nau'i 6 ne: na Kalifoniya, na Steller, na tsibiran Galafagos, na Kudancin Amurka, na Ostireliya da na Niyu Zilan. Akwai na bakwai da ya rayu a tekun Japan, amma ya ƙare a ƙarni na 20.

Alamar da aka fi ambata ita ce kunne. Zakin teku yana da ɗan ƙaramin kunne na waje, siriri mai tsini, wanda yake a naɗe yana kallon baya a kowane gefe na kansa. Sil ba shi da wannan fatar kunnen. Abin da za a gani a bayan idonsa ɗan rami ne kawai, kuma wani lokaci gashi yakan rufe shi har ya ɓace wa mai kallo. Wannan ba ya nufin sil kurma ne, domin yana ji sosai, musamman a ƙarƙashin ruwa. Alamar gaskiya ce, ba ta da togiya a tsakanin gidajen biyu, sai dai amfaninta kaɗan ne ga wanda yake kallo daga nesa. Tsawon kunnen zakin teku bai wuce 'yan santimita ba, launinsa ɗaya da na kai, idan dabbar ta jiƙe kuma yakan kwanta ya manne da fata. Mai kallon da ke tsaye a kan tudu, ko wanda yake duba hoton da aka ɗauka daga jirgin ruwa, da wuya ya iya rantsewa cewa ya ga kunne ko bai gani ba.

Saboda haka ni a ganina ƙafafun baya ne ya kamata a fara dubawa, domin su ne suke tafiyar da duk wani motsi da dabbar take yi a tudu, kuma ana hango motsi tun kafin a hango kunne. Zakin teku yana iya juyo da ƙafafunsa na baya gaba, ya shigar da su ƙarƙashin cikinsa, ya taka ƙasa da su. Idan ya fito daga ruwa, sai ya kafa manyan hannuwansa biyu a kan dutse, ya ɗaga ƙirji da wuya sama, ya jawo ƙafafun baya, ya soma tafiya da ƙafa huɗu yana karkaɗa kai hagu da dama domin ya daidaita nauyinsa. Da wannan tafiyar yakan hau duwatsu masu tsayi, ya taka matakala, ya haye kan kwalekwalen masunta ya kwanta, kuma idan an tsokane shi yana iya yin sukuwa ta ɗan gajeren zango da saurin da yakan ba mutane mamaki.

Sil kuwa ƙafafunsa na baya a miƙe suke har abada, suna kallon baya a gefen ɗan guntun wutsiyarsa, kuma yadda ƙashin idon sawunsa da jijiyoyin wurin suke bai ba shi ikon lanƙwaso su gaba ba. Idan yana so ya matsa a kan rairayi, sai ya tattara ƙarfinsa a ƙirji, ya tura gaban jikinsa, ya gantsare baya, ya jawo ƙugu, ya sake turawa, kamar dai yadda tsutsa take tafiya, ƙafafun bayan nan kuma suna biye a sama ko suna jan ƙasa ba tare da sun taimaka da komai ba. Kitsen jikinsa yakan riƙa kaɗawa a kowane yunƙuri, kuma bayan ɗan taƙi sai ya tsaya ya huta. Ko dabbar ta riga ta koma ruwa, sawunta yakan faɗi ko wace ce: sil yana barin faffadan layi na jan ciki da 'yan alamun farata a gefe biyu, zakin teku kuma yana barin sawun tafin hannu da na ƙafa a rarrabe.

Hannuwan gaba su ma suna tafiya da wannan tsari. Na zakin teku dogaye ne, faffaɗa, yawancinsu baƙar fata ce mai kauri marar gashi, faratansu kuma ƙanana ne ƙwarai har ba a cika lura da su ba. Na sil gajeru ne, gashi ya rufe su, kuma kowane hannu yana ɗauke da farata biyar masu ƙarfi da ake gani sarai. Sil mai zobe-zobe a jiki, wanda yake zaune a tekun Arewa mai daskarewa, da waɗannan faratan yake kankare ƙanƙara domin ramin da yake leƙowa ya shaƙi iska kada ya toshe a lokacin hunturu.

A cikin ruwa sai al'amarin ya juya, wanda ya sha wahala a tudu ya zama gwani. Sil yana haɗa ƙafafunsa na baya, ya buɗe yatsunsu, ya riƙa kaɗa su hagu da dama tare da rabin jikinsa na baya, hannuwan gaba kuma a manne da jiki, sai in zai juya ya yi amfani da su. Zakin teku da hannuwan gaba yake iyo, yana buga su sama da ƙasa yana tura ruwa baya, ƙafafun baya kuma aikinsu saita hanya. Wannan ne ya sa yake iya yin juyi mai kaifi da wulƙitawa, kuma idan yana sauri yakan riƙa tsalle daga ruwa yana komawa a jere. Akwai togiya guda da ya kamata a sani: sil mai ɗigon damisa na Antatika yana da dogayen hannuwa, kuma yana amfani da su wajen iyo fiye da sauran danginsa, amma shi ma idan ya hau kan ƙanƙara jan ciki yake yi.

Sau da yawa abin da mai kallo zai samu kai ne kawai da ya ɓullo daga ruwa na 'yan daƙiƙu. A nan siffar kai da yadda dabbar take riƙe shi su ne abin lura. Sil ɗin gaɓa, wanda shi ne nau'in da ya fi yaɗuwa a gaɓoɓin arewacin duniya, kansa zagayayye ne, bakinsa gajere, idanunsa manya, kuma yakan tsaya cik a wuri ɗaya yana kallon mutum, sa'an nan ya nutse a hankali ba tare da fantsama ruwa ba. Wani lokaci ma barci yake yi a tsaye a cikin ruwa, hanci yana kallon sama. Zakin teku bakinsa ya fi tsawo, wuyansa ya fi fitowa, kuma ba ya cika zama shiru. Yakan fito da ƙarfi, ya fesar da numfashi, ya wuce. Idan babban namiji ne na Kalifoniya, za a ga wani tudu a goshinsa, wanda ƙashin ƙoƙon kai ne ya taso yayin da ya balaga, gashin wurin kuma yakan yi haske da tsufa. Wanda ya sami hoton kusa yana iya duba gashin baki: na zakin teku santsi ne da shi daga tushe har ƙarshe, na mafi yawan sil kuma yana da ƙulli-ƙulli a jere. Gwaje-gwajen da aka yi da sil ɗin gaɓa sun nuna cewa ko an rufe masa ido yana iya bin motsin ruwan da wani abu ya bari bayan wucewarsa da wannan gashin, abin da yake taimaka masa wajen farautar kifi a ruwa mai duhu.

Launi yana taimakawa, amma da sharaɗi. Zakunan teku yawanci launi ɗaya ne da su, daga ruwan ƙasa mai duhu zuwa mai haske, ba ɗigo ba zane. Sil da yawa suna da ɗigo-ɗigo ko zobe ko dabbare-dabbare. Sharaɗin shi ne dabbar ta bushe, domin jiƙaƙƙen gashi kusan baƙi yake komawa a kan kowannensu.

Akan ce zakin teku mai hayaniya ne, sil kuma mai shiru, ana kuma cewa na farko yana son cunkoso, na biyu yana son kaɗaici. Wannan magana ta yi daidai idan zakin tekun Kalifoniya da sil ɗin gaɓa ake kwatantawa. A San Faransisko, zakunan teku sun soma hawa kan katakan ɗaure jiragen ruwa na wurin da ake kira Pier 39 bayan girgizar ƙasar watan Oktoba na 1989, kuma tun daga lokacin suke taruwa a can, wani lokaci fiye da 1,000, suna kwance a kan juna, wani ya ɗora kai a bayan wani, haushinsu yana tashi dare da rana. Sil ɗin gaɓa kuwa ko sun taru a kan tudun rairayi ɗaya, kowanne yakan bar tazara tsakaninsa da maƙwabcinsa, kuma idan wani ya matso sai ya yi gurnani ya kaɗa masa hannu. Amma kada a mayar da wannan doka ga dukkan dangin. Sil mai hancin giwa yana taruwa ɗaruruwa a gaɓa ɗaya, rurin mazansu kuma ana jin sa daga nesa mai yawa. Sil ɗin Weddell na Antatika yana fitar da sautuka iri-iri masu tsawo a ƙarƙashin ƙanƙara, har wanda yake tsaye a kanta yana iya ji. Girma ma haka yake, ba ya raba gardama: namijin zakin tekun Steller yana iya haura kilo 1,000, amma namijin sil mai hancin giwa na kudu yana kaiwa kilo 3,000 zuwa 4,000, alhali sil mai zobe-zobe bai cika wuce kilo 70 ba.

Wata hanya da nake ganin ba a ba ta muhimmancin da ya kamace ta ba ita ce tambayar inda aka ga dabbar. A arewacin Tekun Atlantika babu zakin teku ko ɗaya da yake zaune a daji. Saboda haka duk hoton da aka ɗauka a gaɓar Birtaniya, ko Nowe, ko gabashin Kanada, idan ba walros ba ne, to sil ne. A Birtaniya nau'i biyu ne suke haihuwa, sil ɗin gaɓa da sil mai ruwan toka, kuma sama da kashi ɗaya bisa uku na masu ruwan tokan duniya a can suke. Haka nan wanda ake gani a tafkin Baikal na Rasha, ko tafkin Saimaa na Finlan, ko Tekun Kasfiyan, sil ne. A gaɓar Muritaniya, cikin kogunan dutse na Ras Nuwadibu, akwai babban mazaunin sil ɗin Bahar Rum, ɗaya daga cikin nau'o'in da suka fi fuskantar barazanar ƙarewa, wanda wata annoba ta 1997 ta hallaka kusan kashi biyu bisa uku na waɗanda suke wurin. A gaɓar yammacin Amurka ne ake buƙatar ido sosai, domin a can gidajen biyu suna iya kwanciya a kan dutse ɗaya.

Masu gashi mai kauri su ne suka fi rikita lissafi, domin ana kiransu sil alhali 'yan gidan zakin teku ne: suna da kunnen waje, suna juyo da ƙafafun baya, suna tafiya da ƙafa huɗu. Dubun-dubatar da suke taruwa a Cape Cross na Namibiya da tsibiran Afirka ta Kudu irinsu ne. Abin da ya raba su da zakunan teku shi ne laushin gashi mai yawa da suke da shi a ƙarƙashin gashin waje, wanda shi ne yake tsare musu ɗumi, kuma saboda shi ne mafarauta suka kusa ƙarar da su a ƙarni na 18 da na 19. Galibi sun fi zakunan teku ƙanƙanta, bakinsu ya fi tsini, kunnuwansu kuma sun fi fitowa. Walros shi kuma ya ɗauko daga kowane ɓangare, ba shi da kunnen waje, amma yana juyo da ƙafafun baya.

Inda bambancin ya fi burge ni shi ne wajen renon ɗa, domin a nan ake ganin cewa gidajen biyu sun bi hanyoyi dabam wajen raba rayuwa tsakanin ruwa da tudu. Uwar sil, a nau'o'i da yawa, takan tara kitse mai yawa kafin haihuwa, ta fito tudu ko kan ƙanƙara, ta haihu, ta zauna tana shayarwa ba tare da ta ci komai ba, tana narkar da kitsen jikinta ya zama nono mai kauri, sa'an nan ta tafi gaba ɗaya. Sil mai hula, wanda yake haihuwa a kan ƙanƙarar da ke yawo a arewacin Atlantika, kwana 4 kacal yake shayarwa, mafi gajarta a cikin dukkan dabbobi masu shayarwa. Kimanin kashi 60 cikin 100 na nonon kitse ne, kuma a cikin waɗannan kwanaki ɗan yakan kusan ninka nauyinsa. Dalilin gaggawar a fili yake, domin ƙanƙarar da suke kai tana iya tsagewa ko narkewa a kowane lokaci. Sil mai ruwan toka yana shayarwa kimanin mako uku, mai hancin giwa na arewa kuma kimanin mako huɗu, kuma uwar takan koma ruwa a rame bayan ta zubar da wani babban kaso na nauyinta. Ɗan da aka bari yakan zauna shi kaɗai yana rayuwa a kan kitsen da ya tara, har yunwa ta tura shi ruwa ya koyi kamun kifi da kansa.

Uwar zakin teku ba ta da kitsen da zai ɗauke ta haka. Takan zauna da ɗanta kimanin mako guda bayan haihuwa, sa'an nan ta soma zirga-zirga: ta shiga teku na 'yan kwanaki ta ci, ta dawo ta shayar, ta sake komawa, kuma tana yin haka watanni 6 zuwa shekara guda, a wasu nau'o'in ma fiye da haka. A Ostireliya tsakanin haihuwa da haihuwa yakan kai kusan wata 18. Idan ta dawo gaɓar da ke cike da ɗaruruwan 'ya'ya masu kama da juna, sai ta ɗaga kai ta yi wani kira nata na musamman, ɗanta ya amsa daga cikin taron, su riƙa kiran juna har su haɗu, sa'an nan ta sunsuna shi ta tabbatar kafin ta bar shi ya kama nono. Ɗan da ba nata ba kuwa takan ture shi. Wannan dogon reno yana cikin dalilan da suka sa zakunan teku suke zama kusa da gaɓoɓi masu wadatar kifi, nutsonsu kuma galibi na 'yan mintuna ne, alhali sil mai hancin giwa yana iya shafe watanni a tsakiyar teku, yana nutsawa zurfin da ya haura mita 1,500, yana riƙe numfashi har kusan awa biyu.

Sanin wannan bambanci yana da amfani a aikace, domin masu aikin ceto dabbobin teku suna yawan samun kira a kan dabbobin da lafiyarsu ƙalau. Wanda bai san sil ba, idan ya gan shi yana jan ciki, sai ya zaci ƙafafunsa sun karye. Idan ya gan shi kwance a gefe ɗaya ya ɗaga kai da ƙafafun baya sama, sai ya zaci ciwo yake ji, alhali hutawa yake yi. Idan ya ga hawaye sun jiƙa gefen idanunsa, sai ya zaci kuka yake yi, alhali ba shi da 'yar hanyar da take kwashe hawaye daga ido zuwa hanci, kuma jiƙaƙƙen ido alama ce ta cewa jikinsa bai bushe da ƙishirwa ba. Sil mai hancin giwa yakan fito gaɓa sau ɗaya a shekara ya saɓule gashi da fatar sama falle-falle, kamanninsa a lokacin su zama abin tausayi, amma hakan al'adar jikinsa ce. Zakunan teku su kuma sukan kwanta a saman ruwa rukuni-rukuni, kowanne ya ɗaga hannu ɗaya sama domin daidaita zafin jikinsa, sai mai hangowa ya ɗauka raga ce ta kama su. A ɗaya ɓangaren, zakin tekun da yake jan ciki bai iya miƙewa a kan hannuwansa ba, ko yana kaɗa kai ba tsari, shi ne wanda yake buƙatar a sanar da ma'aikatan ceto.

Ɗan da aka tarar shi kaɗai a bakin teku shi ne ya fi jawo kuskure. Idan farin ɗan sil mai ruwan toka ne mai ƙiba, mai yiwuwa an riga an yaye shi, yana jiran farin gashinsa ya zube ne kafin ya shiga ruwa, kuma tura shi cikin teku yana iya hallaka shi. Idan ɗan sil ɗin gaɓa ne, wataƙila uwar tana cikin ruwa kusa tana kallo, kuma ba za ta fito ba muddin mutane ko karnuka suna kewaye da shi. A Amurka dokar kare dabbobin teku masu shayarwa ta 1972 ta haramta takura wa dukkansu, hukumomi kuma suna ba da shawarar a tsaya aƙalla yadi 50 daga gare su, wato kimanin mita 45. Daga wannan nisan ba lalle ne a ga kunne ba, amma ana ganin ko dabbar ta miƙe a kan hannuwanta ko tana kwance a kan cikinta, kuma wannan bayanin ne ma'aikacin ceto zai fara buƙata daga wanda ya kira shi.